Kafin ka biya kuɗin kayan kwamfutar gem ɗin nan, sake duba lis ɗinka

Tambayar da ɗan'uwa ya kawo ita ce: yana son ya haɗa kwamfutar buga gem da hannunsa, kuɗinsa matsakaita ne, kuma ga abin da ya ce zai saya: furosesa Core i7-14700K, madabod (babban allon da ake ɗora sauran kayan a kai) Z790, RAM giga 16 sanda ɗaya, katin girafik RTX 4060, ma'ajiyar SSD giga 500, na'urar sanyaya ta ruwa mai fitilu, sai fawa saflai, wato na'urar da ke raba wa kayan wuta, wanda ya zo kyauta a cikin akwatin. Monita kuma mai 1440p yake so. Ya ce ko lis ɗin ya yi?

Toh ɗan'uwa sannu da ƙoƙari, kuma ka kyauta da ka tambaya tun kuɗin suna aljihunka. Gaskiya idan ka haɗa kayan nan za su tashi, babu wanda ya ƙi shiga da wani, amma ba za su ba ka abin da kake nema ba. Ka zuba kuɗi a wajen da gem ba ya buƙata sosai sannan ka matse a wajen da yake buƙata, kuma na daɗe ina haɗa wa mutane irin waɗannan kwamfutocin, kusan duk wanda zai fara haka yake zuwa, lambar i7 ɗin nan ce take jan ido.

Da monita ake farawa, ba da furosesa ba. Allon 1080p ɗigon hoto 2,073,600 ne a jikinsa, na 1440p kuwa 3,686,400 ne, kaga saura kaɗan ya ninka. Kowane ɗigo sai an lissafa kalarsa da haskensa a kowane firem, wato kowane hoto ɗaya da allo yake nunawa, idan kana son firem 100 a sakan to sau 100 kenan duk sakan, kuma wanda yake wannan wahalar katin girafik ne, furosesa babu ruwansa da yawan ɗigo, shi aikinsa ya lissafa ina abokin gaba yake, ina harsashi ya nufa, me ka danna, sai ya miƙa wa kati ya zana. Shi ya sa da ka ce 1440p ka riga ka yanke hukunci da kanka cewa kati ne zai ci kaso mafi tsoka na kuɗin. Ni a irin wannan haɗin ban yarda katin ya gaza kashi ɗaya cikin uku na jimillar kuɗin akwatin ba, ya kusa rabi ma ba laifi.

RTX 4060 ba mugun kati ba ne, a 2023 ya fito, wat 115 kawai yake ja, ba ya zafi, a 1080p yana yin abin da ake so. Matsalarsa mimori ɗin da ke jikinsa giga 8 ne, kuma wannan ne abin da nake so ka fi riƙewa a duk bayanin nan. Duk hotunan da ake shafe jikin abubuwa da su a cikin gem, bango ne, ƙasa ce, tufafi ne, fuskar mutum ce, a cikin mimorin katin ake ajiye su don ya riƙa ɗauka nan take. Muddin sun samu wuri komai lafiya. Ranar da gem ya nemi giga 10 kai kuma 8 gare ka, ragowar sai a tura ta RAM ɗin kwamfuta, kati ya riƙa zuwa ɗaukowa ta ramin PCIe, wato ramin da ake soka shi a madabod, kuma bambancin hanyoyin nan biyu ba kaɗan ba ne: mimorin 4060 yana kai giga 272 a sakan, hanyar ramin kuwa wajen giga 16 ce a sakan tunda layi 8 kawai katin yake amfani da su. A nan za ka ga lambar firem ɗin da ke saman allo tana nuna maka 70 amma kana juya kyamara gem ɗin yana hukin, yana ɗan tsayawa yana ci gaba, ko kuma bango ya zama kamar an shafe shi da laka na ɗan lokaci kafin hoton ya dawo. Kuma mimorin kati ba a ƙara shi, manne yake da jikinsa, abin da ka saya da shi za ka zauna har ka sayar.

Don haka a 1440p ni ba na ba kowa shawarar giga 8 yanzu. Mafi ƙasa ka duba RX 9060 XT mai giga 16 ko RTX 5060 Ti mai giga 16, dukkansu na 2025 ne, amma ka buɗe ido sosai domin su biyun duk suna da na giga 8 da suna iri ɗaya sak, kwali iri ɗaya, sai ɗan rubutu a gefe, mutane da yawa sun ga ya fi sauƙin kuɗi sun ɗauka sai bayan sun haɗa suka gane. Idan kuɗin da za ka rage daga furosesa da madabod da sanyayar ruwa sun kai, kuma ina ganin za su kai, ka haura zuwa RX 9070 na AMD mai giga 16 ko RTX 5070 na Nvidia mai giga 12, a nan ne 1440p yake zama daɗi sosai. Tsakanin su biyun idan gem ne kawai ni 9070 zan ɗauka saboda giga 16 ɗin, amma idan kana aikin Blender (manhajar zanen 3D) ko haɗa bidiyo ko wani abu da yake neman CUDA, fasahar lissafi ta katunan Nvidia, to Nvidia ce taka, babu ja. Idan ka samu RX 7800 XT sabo a kwali da rangwame shi ma giga 16 ne kuma har yanzu yana da ƙarfinsa, sai dai ya fi cin wuta, wat 263, kuma ya fi rauni a fasahar bin sawun haske (ray tracing), wadda take sa haske da inuwa su yi kama da na gaske. Akwai kuma Arc B580 na Intel mai giga 12, ga wanda kuɗinsa suka matse sosai, amma shi sai an kunna masa wani saiti mai suna Resizable BAR a BIOS, wato shafin saitin madabod, kuma ba ya son tsohon furosesa.

Wani zai ce maka ai akwai DLSS da FSR, ka sayi ƙaramin kati su cike gurbin. Suna taimakawa kam, gem ɗin yana zana hoton a ƙarami sai su buɗa shi ya cika allo, kuma DLSS da FSR 4 sun yi kyau sosai har da wuya ka bambance. Amma ɗayan ɓangaren, wanda yake ƙirƙiro firem na tsakiya ya cusa, shi kansa mimori yake ci, kuma ba ya sa hannunka ya ji gem ɗin ya ƙara sauri, idan asalin firem ɗinka 35 ne to nauyin 35 za ka ji a linzamin kwamfuta (mouse) ko da allon yana nuna 70. Kar ka gina sayayyarka a kansu.

Yanzu furosesa. 14700K dodo ne, ƙwaƙwalwa (core) 20 ce a cikinsa, 8 manya 12 ƙanana, yana iya jan wat 253 idan ya ɗau zafi, ba ya zuwa da abin sanyaya, kuma shi ne ya jawo maka Z790 da sanyayar ruwa, kaga abu ɗaya ya jawo kashe kuɗi uku. Mai aikin fitar da bidiyo duk rana zai more shi. Kai kuwa da 4060 a gefensa yawancin lokaci zaune zai yi yana jiran kati ya gama zane. Ga kuma batun da ya tashi a 2024 na furosesocin Intel zubi na 13 da na 14 da suke lalacewa a hankali saboda wutar da ta yi musu yawa, kamfanin ya amsa, ya fitar da gyara ta BIOS kuma ya ƙara shekara 2 a garanti, to duk wanda ya riga ya saya ya tabbata ya sabunta BIOS ɗinsa. Abu na uku, soket ɗinsa LGA1700, wato mazauninsa a jikin madabod, ya zo ƙarshe, zubi na 14 ne na ƙarshe a kansa, sababbin sun koma LGA1851.

Ka ɗauki Ryzen 5 7600 ko 9600X na kamfanin AMD, wanda ya fi sauƙin kuɗi ranar da za ka saya. Ƙwaƙwalwa 6 ne, sun ishi duk katin da na lissafa maka, ba sa cin wuta, 7600 ma har da 'yar fankarsa yake zuwa a kwali. Suna kan soket AM5 wanda ya fito a 2022 kuma AMD ta ce za ta ci gaba da shi har 2027 da bayanta, ma'ana nan da 'yan shekaru za ka iya cire shi ka sa wani sabo ba tare da ka taɓa madabod da RAM ba. Sun yi haka a AM4, soket ɗin da ya gabace shi, mutanen da suka sayi madabod tun zamanin Ryzen na farko-farko da yawansu sun zo sun ɗora 5800X3D a 2022 bayan sabunta BIOS kawai. Inda kawai zan ce ka ƙara kuɗi a furosesa shi ne idan kai ɗan Counter-Strike 2 ne ko Valorant kuma kana farautar firem 240 zuwa sama, ko gem ɗin gina birni da tuƙin jirgi masu lissafi da yawa, su waɗannan furosesa suke dannewa, to a nan 7800X3D ko 9800X3D masu ƙatuwar ma'ajiyar kusa (cache, mimorin da ke cikin furosesa) ta mega 96 suna nuna bambanci na gaske. Ba ka faɗi gem ɗin da kake bugawa ba, da ka faɗa da na fi daidaita maka.

Madabod ba ya ƙara firem ko ɗaya. B650 ko B850 ya ishe ka. Abin dubawa: akwai ƙarfen sanyaya a kan kayan wutar da ke zagaye da soket, akwai ramin M.2 na saka SSD aƙalla biyu, akwai Wi-Fi idan kana buƙata, kuma akwai maɓallin nan na baya da ake sabunta BIOS da filasha ko babu furosesa a ciki, wannan yana da amfani idan ka haɗa 9600X da B650 ɗin da ya daɗe a ajiye tun kafin furosesan ya fito.

RAM sanda ɗaya kuskure ne da yake ba ni haushi don gyaransa ba shi da wuya. Furosesa hanya biyu gare shi zuwa RAM, ka sa sanda ɗaya ka toshe ɗaya kenan. Ka sayi sanda biyu da aka haɗo a kwali ɗaya, giga 16 sau biyu wato 32, DDR5 mai gudun 6000 da CL30 (lambar jinkirin amsawa) ko kusa da haka, a nan Ryzen ya fi zama lafiya, wanda ya wuce haka kuɗi ne kawai. Giga 16 har yanzu tana buga gem amma da ka buɗe manhajar hira ta Discord da burauza a baya sai ta fara cika. Idan madabod ɗin rami huɗu ne ka sa su a na biyu da na huɗu daga wajen furosesa, littafin madabod zai nuna maka. Kuma kar ka ce bari in sa biyu yanzu in ƙara biyu daga baya, DDR5 ba ta son sanda huɗu, sau da yawa dole gudun ya sauka sosai kafin ta zauna.

Sai fawa saflai, kuma a nan don Allah ka saurare ni. Wanda ya zo kyauta a cikin akwati ka cire shi ka ajiye. Shi kaɗai ne a duk kwamfutar yake haɗe da kowane abu, kati, madabod, SSD, kuma idan ya mutu zai iya tafiya da sauran, garin neman gira a rasa ido kenan. Irin waɗannan marasa suna za ka ga an rubuta wat 600 da manyan baƙi amma ka duba 'yar takardar da ke gefensa ka ga abin da layin 12V yake bayarwa, wanda shi ne kati da furosesa suke sha, sai ka tarar bai kai ko kusa ba, kuma ba ka da tabbacin akwai kariyar da take kashe shi idan wuta ta yi yawa ko waya ta haɗu ko ya yi zafi. Na sha buɗe kwamfutar da mai ita yake cewa tana mutuwa da kanta da zarar gem ya yi nauyi, ya canza RAM ya sake Windows duk a banza, ashe fawa ɗin ne.

Lissafin mai sauƙi ne. 7600 ba ya wuce wat 88, 9070 wat 220, sauran kaya ka ba su 50 zuwa 70, kaga ba ka kai 400 ba. Wat 650 ya isa da sarari, 750 idan kana tunanin babban kati nan gaba, 1000 ɓarnar kuɗi ce. Sararin nan ana barinsa ne saboda katunan yanzu sukan yi wata irin fizgar wuta ta ƙasa da ƙyaftawar ido wadda ta wuce abin da aka rubuta musu, shi ya sa ka nemi wanda aka rubuta ATX 3.0 ko 3.1, an yi su ne su jure wannan. Tambarin 80 Plus Gold kuma ba shaidar inganci ba ce kai tsaye, yana gaya maka ne wajen kashi 90 na wutar da ya ja daga bango yana isa ga kwamfuta a rabin lodi, saura ya zama zafi. Ni abin da na fi dubawa shi ne tsawon garanti da kuma gwajin da masu auna shi da na'ura suka yi wa ainihin wannan samfurin, ba sunan kamfani kawai ba, don kamfani ɗaya yana da mai kyau yana da na jeka-na-yi-ka. Wanda aka ba shi shekara 7 ko 10 masu shi sun yarda da abinsu. Abu biyu kuma: idan mai cire wayoyi ne kar ka taɓa sa masa wayar wani fawa ɗin ko da ta shiga daidai, tsarin ramukan ba ɗaya ba ne kuma haka ake ƙona SSD da kati, sannan idan katinka mai sabuwar fulogin nan ne mai rami 16 irin na 5070, ka danna ta har ta shige gaba ɗaya ka ji ƙas, kar ka bar ko ɗan tsaga, kuma kar ka lanƙwasa wayar dab da bakin.

SSD giga 500 idan ka sa shi Windows 465 zai nuna maka, shi kansa ya ci nasa, Baldur's Gate 3 kaɗai giga 150 yake nema. Gem uku ka cika. Tera 1 ne mafi ƙasa, 2 idan da hali, NVMe (SSD ɗin da ake sa wa a ramin M.2) na PCIe 4.0 ya isa, na 5.0 ya fi tsada ya fi zafi kuma a lodin gem da wuya ka ga bambancin sakan ɗaya. Idan ka samu zaɓi ka ɗauki mai nau'in mimori TLC a kan QLC.

Sanyayar ruwa ka bar ta. Tana da famfo, famfo kuma yana gajiya, ruwan ma yana raguwa da shekaru, ita kuwa ta iska ƙarfe ne da fanka, fanka ta mutu ka canza ta shi kenan. Thermalright Peerless Assassin 120 ko makamanciyarta ta fi ƙarfin Ryzen 5 nesa ba kusa ba, sai dai ka duba tsayinta da abin da akwatin yake ɗauka, haka ma tsawon katin, waɗannan lambobi biyun suna rubuce a bayanin kowane akwati kuma mutane suna mantawa sai kaya sun iso murfi ya ƙi rufuwa. Akwatin ya zama mai raga a gaba ba gilashi a toshe ba, fanka biyu suna shigo da iska ɗaya tana fitarwa ta baya. Kuma idan ka ga Ryzen 7000 ya taɓa digiri 90 a aiki mai nauyi kar hankalinka ya tashi, an yi shi ne ya iya kaiwa 95. Fitilu kuwa idan kana so ka sa daga baya, ni ba na hana kowa ado, kawai kar kuɗinsu ya fito daga na kati.

Idan bayan duk wannan kuɗin ba su kai ba akwai hanya biyu masu kyau. Ko dai ka sauka AM4, Ryzen 5 5600 da B550 da DDR4, ka zuba abin da ya ragu a kati, ka san dai can ba wani ci gaba sosai kuma. Ko ka sayi wasu kayan na hannu. Furosesa da RAM da akwati na hannu ba sa ba ni tsoro, da wuya su lalace. Kati na hannu sai ka gan shi yana aiki a gabanka, a buga gem mai nauyi kamar minti 20 kana kallon zafinsa da fankokinsa da ko akwai ɗige-ɗige a hoto, kuma kar ka koma baya da yawa, GTX 1080 Ti da RX 5700 XT sun yi zamaninsu amma gem kamar Doom: The Dark Ages na 2025 ba ya ma tashi a katin da ba shi da kayan bin sawun haske. Fawa saflai da SSD kam sababbi.

Ranar haɗawa, kunnawar farko a AM5 tana iya ɗaukar minti ɗaya ko fiye allon yana baƙi, RAM yake gwadawa, ka ƙyale shi kar ka kashe. Wayar monita a jikin katin za ka sa ta ba a ramin madabod ba. Ka shiga BIOS ka kunna EXPO, saitin da yake kai RAM cikakken gudunta, in ba haka ba RAM ɗin 6000 da ka biya a 4800 ko kusa da haka za ta zauna, ka duba Resizable BAR a kunne yake, haka saitin tsaro na TPM da Secure Boot tunda Windows 11 da wasu gem ɗin intanet irin su Valorant suna nemansu. Sannan a saitin allo na Windows ka ɗaga monitan zuwa gudunsa na gaske, 144 ne ko 165 ko 180, don sau da yawa a 60 yake farawa, ka kuma kunna FreeSync ko G-Sync, masu daidaita gudun monita da na kati, a jikin monitan da cikin direban kati.

Ka rubuto min gem biyu ko uku da ka fi bugawa da cikakken sunan monitan da kake son saya, da sunan fawa saflai ɗin da ka samu har da lambar samfurinsa, sai mu tsayar da kati tsakanin 9060 XT da 9070.